Sakamakon da Kyauta Ta Ɓoye

Mutanen Rimawa sun watse daga harabar asibitin garin, Kyauta tana tattara takardun tambayoyinta, sai Zayyanu ya zo ya tsaya gabanta yana murmushi irin na wanda ya zo da albishir.

"Ranar Talata na tahi Sakkwato," in ji shi. "Na ba da jinina an auna. Sun ce ya yi daidai da na Yaya Mode. Saura gwaji biyu."

Takardun suka zube daga hannunta.

"Mi ka ce? Wa ya aike ka?"

"Ke mana, Kyautata. Wata uku ina jin muryarki tana hwaɗin mutum na rayuwa lahiya da ƙoda guda. Ko ba gaskiya ba ne?"

Gaskiya ne. Abin da ya sa ta kasa ɗago kai ke nan.

Kyauta 'yar Goronyo ce, tana karatun digiri na biyu a Sakkwato. Bincikenta a kan yadda za a yi wa mutane magana ne har su yarda su ba ɗan'uwansu ƙoda. Ta naɗi saƙo iri biyu da muryarta: ɗaya yana bayanin likita tsantsa, ɗaya yana ba da labarin wata uwa da ɗiyarta ta ceto. Sai ta bi ƙauyuka tana kunna wa jama'a, tana rubuta wanda ya fi motsa su. Ta je Wurno, ta je Tursa, ta je Rimawa. Zayyanu, ma'aikacin lafiya ne a ƙaramar hukuma kuma wanda aka sa musu ranar aure shi da ita bayan girbin albasa, shi ke tara mata maza ya kunna musu, ita ta zauna da mata.

Kowa a Goronyo ya san dalilin da ya sa ta zaɓi wannan bincike. Yayanta Mode, wanda ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu, ƙodojinsa duka biyu sun daina aiki. Shi ne ya tsaya kai da fata sai ta yi karatu lokacin da kawunnansu suka ce ta zauna gida. Shekara da shekaru yana ban ruwa a gonarsa ta ƙasan madatsar ruwan garin, tun asuba har rana ta yi tsaka, don ita. Yanzu sau biyu a mako ake kai shi Sakkwato wankin jini, ya dawo ƙafafunsa a kumbure, ko buta ba ya iya ɗauka.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, wata huɗu da suka wuce an gwada Kyauta, kuma ƙodarta ta dace da shi ƙwarai.

Sista Theresa ce ta miƙa mata sakamakon, wata ma'aikaciyar jinya 'yar kudancin Kaduna da ta daɗe a ɗakin wankin jinin. Ta zaunar da ita ta yi mata bayani a hankali: ba a tilasta wa kowa, kuma ba za su gaya wa danginta komai ba sai abin da ta yarda. Kyauta ta dawo gida a ranar, ta tarar da Mode kwance a kan tabarma, matarsa Laraba tana yi masa fifita. Suka zuba mata ido. Bakinta ya buɗe da kansa ta ce bai dace ba.

Laraba ta fashe da kuka. Mode kuwa cewa ya yi Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Tun daga ranar Kyauta take ba kanta dalilai. Ta taɓa jin mahaifiyar Zayyanu tana cewa mace mai ƙoda ɗaya ba ta haihuwa, ita kam ba za ta yarda a kawo mata irinta ba. Kyauta ta san ba haka ba ne, har cikin bincikenta ta rubuta wannan magana a jerin abubuwan da mutane suka fahimta a karkace. Amma ta san tsohuwar ba takarda za ta karanta ba. Sai ta ce wa kanta bari a ɗaura auren tukuna. Ta ce wa kanta wataƙila wani cikin dangi zai dace. Ba wanda ya dace. Laraba ta je da ƙafarta, aka ce jininta daban ne.

To yau ga Zayyanu, ya ji maganarta ya ɗauka da gaske.

Ta ce masa ya zauna. Suka zauna a kan bencin marasa lafiya, tazara tsakaninsu, ta gaya masa komai ba tare da ta dube shi ba. Da ta zo kan maganar mahaifiyarsa sai ta tsaya, don ta ji ƙaryar tana neman sake fitowa.

"Ba Inna ba ce," ta ce. "Na laɓe ne bayanta. Tsoro nike ji, Zayyanu... wuƙar nike tsoro. Ina tsaye gaban mata ina ce musu kada su ji tsoro, ni kuwa na hi su jin tsoron."

Ta ga yadda yake murza hularsa a hannu. Ta so ya yi mata faɗa, ya kira ta maƙaryaciya, da ta fi samun sauƙi.

"Da kin hwaɗa mini kina tsoro, da mun ji tsoron tare," ya ce daga baya. "Abin da ya yi mini zahi, kina kallo ina kunna muryarki ga mutane kullum."

Ya ce shi dai ba zai janye ba, in ta ga ba za ta iya ba zai ci gaba da gwajin, kuma ba wanda zai ji wannan magana daga bakinsa. Wannan ne ya karya ta. Ta ce a'a. Yayanta ne, kuma tata ta fi dacewa.

Da la'asar ta isa gida. Ta tarar an fito da Mode inuwar zaure yana kallon masu wucewa da buhunan albasa. Ta durƙusa gabansa, Laraba tana tsaye bakin ƙofa da kwanon ruwa. Ta faɗi abin da ta yi, kalma bayan kalma.

Kwanon ya faɗi daga hannun Laraba. Ta juya ta shige ciki.

Mode ya dubi ƙanwarsa. Ya ce ranar da ta ce bai dace ba, har cikin ransa ya ji daɗi, don bai taɓa son a yanka ta saboda shi ba. Ya ce ta tashi, bai riƙe ta da komai ba, kuma ba zai karɓa ba.

Duk dabarun da ta karanta na shawo kan mutum, a wannan lokaci ba ta tuna ko ɗaya ba. Ta riƙe ƙafarsa mai kumburi tana kuka.

"Yaya, don Allah ka amsa. Ba don kai ba... don ni. Ba ni iya zama da abin ga."

Kwana uku tana bin sa kafin ya yarda, shi ma da sharaɗi: sai an ɗaura aurenta tukuna, shi da kansa zai ba da ita, don bai san yadda aikin zai ƙare ba. Zayyanu ya sha fama da mahaifiyarsa. Sai da ya kai ta wajen Sista Theresa, ta haɗa ta da wata mata 'yar Rabah da ta ba mijinta ƙoda ta kuma haifi biyu bayan nan. Tsohuwar ba ta ce ta gamsu ba, amma ta daina cewa a'a.

Aka ɗaura aure ranar Juma'a a Goronyo. An riƙo Mode ta kafaɗu biyu zuwa masallaci, amma da aka nemi waliyyin amarya, muryarsa ta fita sarai har na bayan sahu suka ji.

Likitoci sun sa ranar aiki bayan mako uku. Da aka sake duba shi, sai suka ce zuciyarsa ta yi rauni, a jira ta ɗan ƙarfafa. Aka ɗaga. Aka sake ɗagawa. Kyauta tana zuwa asibitin kullum da jakarta a shirye, tana roƙon a yi, ana ce mata ta yi haƙuri.

Wata safiyar Litinin, a kan hanyar kai shi wankin jini, kafin su kai Wurno, Mode ya cika a kan cinyar Laraba.

Bayan an yi sadakar uku Kyauta ta koma ta sami Sista Theresa. Tambaya ɗaya ta kai ta: da an yi aikin tun lokacin da aka gwada ta, da ya rayu? Theresa ta riƙe hannunta, ta ce ba ta sani ba, likitan ma bai sani ba, kuma ba za ta yi mata ƙarya don ta ji sanyi ba. Kyauta ta gode mata. Ta fito ta tarar da Zayyanu yana jira a bakin ƙofa. Bai tambaye ta abin da aka ce ba, ya karɓi jakarta suka tafi.

Laraba ce ta rage. Tun ranar da kwano ya faɗi ba ta ƙara yi wa Kyauta magana ba sai gaisuwa. Ranar da aka yi sadakar arba'in, bayan baƙi sun ragu, Kyauta ta same ta a ɗakin takaba, ƙaramar ɗiyarta kwance a jikinta. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙofa, ta ce ta zo neman gafara, kuma ta san ba ta cancanta ba.

Laraba ta daɗe tana shafa kan yarinyar.

"Shi ya yahe miki tun yana da rai, na ji da kunnena," ta ce. "Ni kam ki ba ni lokaci, Kyauta. In na ce miki ya wuce yanzu, ƙarya na yi."

Kyauta ta gyaɗa kai, hawaye na sauka. Ta yunƙura za ta tashi.

"Ina za ki?" in ji Laraba. "Ban ce ki tahi ba. Amshi ɗiyar yayanki, hannuna ya gaji."

Kyauta ta miƙa hannu biyu ta karɓe ta.