Takardar da Souwaiba Ta Ɓoye wa Inna

"Kada ka turo su ranar Juma'a."

Marwan ya tsaya da cokali a hannu. "Su wa?"

"Baffanninka. Ka ce musu a dakata da zancen neman auren."

A bayan rumfar abincin mahaifiyarta suke, bakin tashar Agadas. Souwaiba tana tura itace ƙarƙashin tukunya, ba ta ko dube shi ba. Shekara biyu yana zuwa nan, shi mai gyaran injin ban ruwa na masu lambun albasar Tabelot, yana cin shinkafar da ko yunwarta ba ya ji, don dai ya gan ta.

"Masoyiya, me na yi?"

"Ba ka yi komai ba."

"To, wani ne ya riga ni?"

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Wa zai riga ka zuwa cikin hayaƙin nan?"

Ta kwance bakin zanenta, ta miƙa masa wata takarda da aka ninke ta yi laushi.

Ciwonta ba ɓoyayye ba ne gare shi. Tana 'yar shekara bakwai sankara ta kumbura mata muƙamuƙi. Uba ya rasu, don haka mahaifiyarta, Inna Tabawa, ce ta goya ta zuwa Yamai, ta yi wata takwas tana kwana a gindin bishiyar asibiti. Allah ya yi da sauran kwana, yarinya ta tashi. Da suka dawo, kowa sai ya leƙo ya ga wadda ta tsallake rijiya da baya. Inna ta tsorata da bakin mutane, ta cire ta daga lakkol, wato makarantar boko, ta zaunar da ita kusa da murhu inda idonta zai riƙa ganin ta. Yau shekara goma sha biyar ke nan tana nan, daga asuba har magariba.

Marwan ya karanta faransancin a hankali, ya ɗago. "Ai sun ce ciwon bai dawo ba. Alhamdu lillahi!"

"Karanta ƙasa."

"Ban gane ƙasan ba."

"Bara sun ɗebi jininmu, mu da muka warke tun muna yara, suka aika ƙasar waje. Likitar ta ce shekaruna ashirin da uku, amma jinina kamar na mai talatin da uku ne."

"Kamar yaya?"

"Ta ce halittar mutum kamar gida ce mai ɗakuna da yawa. Ginin ba ya canjawa, amma ana rufe wasu ƙofofi a buɗe wasu. Maganin da aka yi mini ya rufe nasa ƙofofin. Sauran kuma, a ganinsu, zaman da mutum ya yi ne... hayaƙi, ƙarancin barci, cin abinci a tsaye, fargaba." Ta gyara itace. "Akwai wadda muka kwanta ɗaki ɗaya da ita, ciwo ɗaya, magani ɗaya. Ubanta ma'aikacin gwamnati ne. Nata jinin daidai yake da shekarunta."

"Ni ko ɗari ya nuna ina son ki, Souwaiba. Wallahi ina son ki."

"Na sani. Ni ma haka, kuma shi ke ƙona ni." Ta goge gumi da bakin zane. "Likita ta ce in bar bakin wuta. In na aure ka na bari, amma wa zan bar wa Inna? Kuma dole ta tambayi dalili. In ce mata me? Wurin da kika ɓoye ni shi ya tsufar da ni? Matar da ta kwana a ƙasa wata takwas saboda ni? Gara in zauna."

"Ki zauna hayaƙi ya ƙarasa ki?"

"Ka je, Marwan. Kuma ka tafi da takardar, kada ta gani."

Ya tafi, bai ƙarasa shinkafar ba.

Abin da Souwaiba ta manta shi ne gwangwanin Inna. Tabawa ba ta san ko bihim ba a boko, amma duk takardar da aka taɓa ba su a asibiti tana cikin wani tsohon gwangwanin madara, kuma kowacce sai da ta sa aka karanta mata sau biyu.

Washegari suna tsince shinkafa ta ce, "Ke, ina ta bana?"

"Ba su ba ni ba."

"Shekara goma sha biyar suna bayarwa, bana ne takarda ta ƙare a Yamai?"

Souwaiba ta ci gaba da tsintar shinkafa.

"Shi kuma yaron nan jiya ya fita kamar an mare shi."

Inna ba ta ƙara ba. Da hantsi ta yafa mayafi ta ce za ta sayo tattasai. Tattasan da ke rumfa ta uku, sai ga shi har an yi azahar ba ta dawo ba. Wani direba ne ya kawo labari yana wanke hannu.

"Yau na ga abin mamaki. Inna Tabawa zaune kan benci a garejin Marwan, yana durƙushe yana karanta mata takarda."

Ludayi ya kusa suɓuce wa Souwaiba. Inna da ko muryar Marwan ta ji sai ta ja mayafi ta shige ciki saboda kunyar suruki, ita ce yau ta taka da ƙafarta har wurin aikinsa, gaban mutane.

Da ta dawo ba tattasai a hannunta. Ta tsaya a bakin madafa, tana kallon bangon da ya yi baƙi ƙirin kamar yau ta fara ganinsa.

"Inna..."

"Ya so ya ɓoye mini. Na ce ya karanta tsakaninsa da Allah, kada ya tsallake ko layi ɗaya."

"Ba laifinki ba ne. Likita ma ta ce ba su gama sanin abin ba, kuma maganin..."

"Ban zo neman lallashi ba." Inna ta zauna kan turmi. "Na tsare ki daga bakin mutane, ban san akwai abin tsoro a cikin gidana ba. Da na sani da ban yi ba. Amma abin da ya fi yi mini zafi, kin so ki ƙara wasu shekarun a nan don kada raina ya ɓaci. Ni na ce miki raina nake tattali?"

Hawaye suka zubo wa Souwaiba. "Wa zai kama miki aiki?"

"Na aika Tabelot, Asiya matar kawunki ta daɗe tana neman abin yi. Shi kuma ya ce zai haɗa mana murhun gaz, ya fasa bangon nan iska ta shiga. Na ce masa Juma'a tana nan yadda aka sa ta."

"Da bakinki kika faɗa masa?"

"Da na wa zan faɗa? Kunyar ai na riga na zubar da ita a hanya."

Souwaiba ta yi dariya cikin kuka, ta durƙusa ta kama gwiwoyinta. Inna ta ɗora hannu a kanta, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"Faɗa mini gaskiya," ta ce a hankali. "Shekarun nan goma da suka ce sun ƙaru... ana iya maido su?"

"Ta ce wataƙila wasu. Ba duka ba."

Inna ta jinjina kai. Ta miƙe, ta zare ludayin daga hannun 'yarta.

"To, wasun ma ina so. Tashi ki fita waje."