Kwalin da Ya Ɓace a Bayan Laburare

Da ƙarfe tara na safiyar Litinin shugaban wata makarantar sakandare ya buga waya ofishin 'yan sanda, ya ce an yi musu gagarumar sata, har da hatimi. Sufeto ya tafi da kansa. Mutum ne da furfura ta cim masa a bakin aiki, wanda tun da ya taɓa tsare wani tela kwana uku bisa kuskure bai ƙara amincewa da amsar da ta zo masa da sauƙi ba.

Aka kai shi ƙaramin ɗakin da ke bayan laburare, inda ake liƙe littattafan da suka yage. Tsofaffin taswirori ne jibge a ciki, da kwalaben gam da suka bushe, da keken rubutu da ya mutu tun kafin a haifi ɗaliban yanzu. Ƙofa lafiyarta ƙalau, ba a taɓa kwaɗon ba.

"Kwali guda na littattafai da hatimi, Sufeto," in ji shugaban, yana kaɗa wani ambulan. "In ba a gan su ba kafin a tashi, wannan takardar korar mai laburare ce."

Mai laburaren dattijuwa ce, saura wata uku ta yi ritaya bayan shekara talatin da ɗaya.

"Malama, wane irin hatimi ne?"

"Na kwanan wata, Yallaɓai. Shi nake bugawa a bayan littafi idan an ara."

Sufeto ya dubi shugaban. Shugaban ya dubi silin.

"Mene ne a cikin kwalin?"

"Ban sani ba."

"Ba ki sani ba?"

"An ce in rage tarkace. Ni kuwa idan zan zubar da littafi, kife shi nake yi, in duba takardar aro da ke bayansa. Wanda ya shekara goma ba a are shi ba, sai kwali. Ba na duba sunansa, don in na duba tausayi zai hana ni. Shi ya sa ɗakin nan ya zama haka."

Ban da shugaban da mai laburare, mutum na uku da ke da makullin ɗakin ita ce mai shara. Ta rantse ba ta taɓa ba kowa ba.

"Iya, ina makullin yanzu?"

Ta kwance bakin zane, ta miƙo shi a cikin wani ƙaramin ambulan da aka rubuta "Da godiya" a bayansa da jan biro.

"Ke kike rubuta wa kanki godiya?"

"Wayyo, ɗana, kar ka sa ni a uku. Wani malami ne ya ce ya manta tabarau ran Asabar da safe, na ara masa, ya dawo mini da shi a haka. Ni duk malaman nan kamarsu ɗaya a idona."

Sufeto ya koma laburare yana bin kantoci ɗaya bayan ɗaya, mai laburare na biye da shi. A kusurwar tarihi ta ja ta tsaya.

"Wannan kantar wayam na bar ta ran Juma'a."

Yanzu kuwa littafi ashirin da huɗu ne jere a kai, duk iri ɗaya, an goge su tas. Sunansu Tarihin Shigowar Alli Makarantunmu. Sufeto ya zaro ɗaya, ya ga takardar aro cike da kwanaki tun daga sama har ƙasa. Ya buɗe ciki, ya tarar wasu shafukan ma ba a taɓa raba su ba.

Mai laburare ta gyara tabarau, ta bi kwanakin da yatsa.

"Wannan ba hannuna ba ne. Ni a karkace nake bugawa. Kuma duba nan, Yallaɓai, talatin da ɗaya ga Yuni. Ga wasu uku a tsakiyar dogon hutu, lokacin ina asibiti an yi mini aikin ido."

Marubucin littafin malamin tarihi ne na makarantar, wanda ɗalibai ke kira Malam Ƙarni, don ko tambayar ƙarfe nawa aka yi masa sai ya faro daga ƙarni na sha tara. Sufeto da mai laburare da shugaban suka same shi a ɗakin malamai yana duba jarrabawa da jan biro, hannun hagunsa na cikin aljihu.

"Malam, yaushe rabonka da laburare?"

"Na fi wata. Ba na son zuwa, ɗalibai na damu na da tambaya a kan littafina. Rububinsa suke yi."

"Haka na gani. Wani ma ya are shi a ranar da babu ita a kalanda. Fito da hannun nan."

Ya fito da shi a hankali. Babban yatsansa shuɗi ne har farce, hatimin kuma yana cikin tafinsa.

Malam Ƙarni ya sunkuyar da kai.

"Shekara shida na yi ina rubuta shi. Ran Juma'a na leƙa, na ga duk ashirin da huɗun a kife cikin kwali, za a kai bola tare da taswirar da ɓera ya ci. Na ce bari in ba su ɗan tarihi. Wuni na yi ina juya hatimin nan, har kwanakin suka rikice mini. Na yi niyyar mayar da shi yau, sai na ji ana zancen 'yan sanda."

"Ka kuma ji ana zancen korar baiwar Allahn nan, ka zauna kana duba jarrabawa."

Malam ya ajiye hatimin a kan tebur. Shugaban makaranta ya ninke ambulan ɗinsa huɗu, ya tura aljihu, ya shiga ba mai laburare haƙuri cikin doguwar magana. Ita dai hatiminta ta karɓa, ta mayar da kwanan wata daidai.

Sufeto ya tasa malamin a gaba zuwa mota don ya rubuta bayani a ofis. Suna tafe, zuciyar Sufeto na yi masa nauyi, don bai san a wane sashe na doka zai ajiye mutumin da ya sato abu ya mayar da shi kanta ba.

A bakin mota Malam Ƙarni ya juyo, ya rage murya.

"Yallaɓai, da ka buɗe shi, ka ɗan karanta?"

"Shafi ɗaya da rabi."

"To, ya ka gani?"

Sufeto ya daɗe yana riƙe da ƙofar motar, yana neman gaskiyar da ba za ta karya mutum ba.

"Takardar tana da kauri, Malam. Shiga mu je."