Manhajar Auta

Auta na zaune a falo da kwamfuta bisa cinyarta, sai ta ƙwalla ihu har Umma ta saki tsintsiya.

"Ta yi, Umma! Wallahi ta yi!"

"Ke 'yar nan, kin tsinka mini zuciya!"

Watanta bakwai tana koyon rubuta manhaja. Saurayinta, mai gyaran waya a bakin kasuwa, shi ya harhaɗa mata tsohuwar kwamfutar, ya nuna mata yadda ɓatan waƙafi ɗaya ke tsayar da aiki ɗungurungum. Kafin a ce kwabo ta wuce malaminta. Ta ƙirƙiri manhajar da ke tura wa masu juna biyu saƙo idan ranar awo ta matso. Mutum biyu kacal ta bai wa kwafi: shi, da Yayanta mai digirin kwamfuta, wanda ya ce zai duba mata kurakurai.

Bayan mako uku ta ga tallar manhajar a waya, an canza mata suna da kala, wani kamfani na ikirarin tasa ce. Ta garzaya ta nuna wa Yaya.

Yaya ya taɓe baki. "Tun ranar farko na faɗa miki. Mai kwance wayoyin mutane, amanar wa zai riƙe? Shi ya sayar!"

Ko mayafi ba ta gyara ba ta isa shagon saurayin, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Ashe kura na bai wa ajiyar nama? Ka cuce ni!"

Ya ajiye sukundireba a hankali. "Wallahi ban ba kowa ba."

"To Yayana ne zai cuce ni?"

Idonsa ya kaɗa. "Ba zan shiga tsakaninki da jininki ba. Allah zai bayyana gaskiya."

Umma ta hana shi taka ƙofar gidan. Wata biyu Auta ta rame, ko kallon kwamfutar ba ta son yi.

Wata safiya Yaya ya shigo ɗakinta, gumi sharkaf.

"Auta, ki rufa mini asiri. Manhajar ta rikice, tana tura wa mata ranar da ba tasu ba. Kwana biyu aka ba ni in gyara, na kasa... Ni na kai wa kamfanin nan, da ita suka ɗauke ni aiki."

"Yaya?! Nono ɗaya fa muka sha!"

Umma da ke bakin ƙofa ta dafe ƙirji tana salati.

Auta ta daɗe tana kuka, sannan ta share ido. "Zan gyara, saboda matan da ke jiran saƙo. Amma a gaban manaja, kuma da bakinka za ka faɗi wadda ta rubuta."

Haka aka yi. Cikin awa ɗaya ta gano matsalar, manaja ya miƙa mata kujerar aikin.

Da la'asar Umma ta tisa su gaba har shagon. Yaya ya durƙusa, Auta ta kasa ɗaga kai.

"Ka yafe mini," ta ce wa saurayin.

Ya yi murmushi. "Tun ranar na yafe, ranki ya daɗe."

Bayan wata uku aka ɗaura musu aure. Mai haƙuri shi ke dafa dutse ya sha romo, kuma kada ka yanke wa mutum hukunci da bakin wani, ko da cikinku ɗaya da mai ba ka labarin.