Wadda Tambari Bai Yi Wa Sallama Ba

Jirgin sama ya yi nisa, an rage fitilu, sai Tambari ya ji warin laka irin na madatsar Goronyo. Manomin albasa ne a can, fitarsa ta farko ke nan zuwa ƙasar waje hutu. Kujerar gefensa ba kowa tun da aka tashi, yanzu ga wata tsohuwa zaune, ta tare masa hanya.

"Mi yas sa kat taho ba sallama?" in ji ta. "Kakanninka ko nan kusa Achida za su, sai sun zuba mani nono bakin gulbi."

Ya fizgi ɗamarar kujera, ta ƙi kwancewa. Ruwa mai sanyi na tsiyaya daga zanenta, har ya rufe masa idon sawu.

"Ba komi, ɗana. Ruwa duk ɗaya na. Ga teku nan ƙarƙashinmu."