Riga Marar Maɓalli

Ranar da Radomir ya fara shiga shagon karɓar saƙon kaya na gidan Tang, sai da goshinsa ya daki saman ƙofa. Dogo ne na ƙin ƙarawa, mutumin Sabiya, an kawo shi garinmu Luoyang yana koya wa yara ƙwallon kwando. Ruolan, 'yar mai shagon, ta ɗago daga cikin kwalaye tana danne dariya.

"Sannu, Dogo. Lambar kayanka?"

Ko kalma bai gane ba, sai waya ya miƙa mata. Tukunyar dafa shinkafa ya yi oda, aka kawo masa ta wasan yara, 'yar mitsitsiya. Bawan Allah hoto kawai yake kallo ya danna. Ruolan ta yi dariya har da hawaye, shi kuwa ya tsaya yana kallonta, ya manta da tukunya.

Daga nan ya tsiri sayen abin da ba ya buƙata: yau safa, gobe cokali. Tana rubuta masa haruffan Sinanci a bayan kwali, yana maimaitawa, yana kiranta Malamata.

"Malamata, kayana sun iso?" haka zai rubuto.

"Ba ka da kaya yau, Dogo."

"Ki ƙara dubawa. Ga ni nan zuwa."

Sai dai gidan ba lafiya. Tsoho Tang ciwon huhu ya cinye shi, kuma Ruolan ce kaɗai 'yarsu. Benensu ba na'urar hawa ta lif, don haka duk ranar asibiti Radomir ke goya shi zuwa hawa na biyar, tsohon yana mita a bayansa. Da maganar aure ta taso, Inna Shen, matarsa, ta ce atafau. Ita Gao take so, likitan haƙori, ɗan ƙawarta, mai gida da mota.

"Baƙo ne," in ji tsohon. "Zai ɗauke mini 'ya, in na mutu uwarta ta zauna da bango."

Ranar bikin haihuwar tsohon ta matso. Radomir ya ƙudurta zai burge shi ba tare da taimakon Malama ba. Ya ɗauki hoton tsohon na ƙuruciya da ke jikin bangon shago, sanye da rigar gargajiya, ya sa wa manhajar sayayya ta nemo irinta. Ya zaɓi shuɗiya mai surfanin tsuntsaye, wadda ta fi kowace kyau. Kash! Da ma ya tambaya.

An zauna cin taliyar tsawon rai, Gao ya gabatar da saiwar magani mai tsada. Sai aka buɗe kwalin Radomir. Rigar ba maɓalli, sai igiyoyi. Hannunta ya zarce yatsu. Ga takalmin yadi, ga ɗan matashin kai. A nan ko yaro ya san wannan: tufafin da ake sa wa mamaci ne.

Sandunan cin abinci suka suɓuce daga hannun Inna Shen.

"Fita! Mijina yana numfashi ka kawo masa kayan kabari?"

"Surukin naku gaggawa yake yi," in ji Gao yana murmushi.

Radomir ya sauko daga bene bai san laifinsa ba. Daga ƙasa ya rubuta: "Malamata, me na yi?"

"Likkafani ka ba mahaifina. Kada ka zo shago."

"Na rantse ban sani ba. Ki ce masa ya yafe mini."

Ni dai da muke unguwa ɗaya, na ga yaron nan a kwanakin da suka biyo baya, yana wucewa ta tsallaken titi kansa a ƙasa, duk tsawon nan ya rankwafe. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Ruolan kuma idanunta sun kumbura, tana ba mutane kayan da ba nasu ba.

Wata safiya saƙo ya shigo masa: "Baba yana kiranka."

Ya tarar da tsohon a gado, kwalin a gefensa, Inna Shen da Ruolan tsaye a bakin ƙofa.

"Kawu, kuskure ne," ya faɗa da Sinancinsa mai tuntuɓe. "Ban iya karatu ba."

"Na sani, sakarai. Wa zai yi wannan da gangan?" Tsohon ya yi tari mai tsawo. "Tun bazara likita ya faɗa mini gaskiya. Matata tana dafa romo tana cewa zan warke. 'Yata tana mini murmushi, ta shiga banɗaki ta yi kuka, tana zaton ba na ji. A ƙauyenmu 'ya'ya ke tanadar wa uba wannan tun yana raye, ya gani da idonsa, hankalinsa ya kwanta. Na so in roƙe su, na kasa."

Ruolan ta toshe baki da hannu.

"Na gwada rigar," tsohon ya ci gaba. "Cif ta zauna mini. Yaya ka san awona?"

"Na sha goya ka, Kawu. Ka rame sosai, shi ya sa na ɗauki ƙarama."

Nan Inna Shen ta fashe da kukan da ta daɗe tana ɓoyewa. Tsohon ya riƙo hannun Radomir.

"Za ka tafi da ita ƙasarku?"

"Ba inda za ni. Wa zai sauko wa Inna da kwalayen da ke can sama a shago?"

Ba a ja lokaci ba, don kowa ya san dalili. A falonsu aka yi bikin auren, Ruolan cikin jar riga, tana dariya hawaye na zuba. "Yau ma ka buga goshi, Dogo," ta raɗa masa. Suka durƙusa, ya miƙa shayi da hannu biyu.

"Baba, sha shayi."

Karon farko ke nan da ya kira shi haka. Tsohon ya kurɓa.

"Ku tsufa tare, ku ga jikokin da ba zan gani ba. Ka riƙe mini su biyun nan." Ya matso da bakinsa kusa da kunnen angon. "Ranar da za a sa mini rigar, kai za ka ɗaura igiyoyin."

"To, Baba."

Inna Shen ta share ido, ta tura masa kwano gabansa.

"Ci, ɗana, kafin ya huce."