Kwat Ɗin da Bai Fito Daga Dila Ba

Ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar Asabar mata biyu suka shigo ofishin 'yan sanda, ɗaya rungume da kwat ruwan toka kamar ta ɗauko jariri. Sufeto ya riga ya miƙe zai fita, amma da ya ga fuskarta sai ya koma ya zauna.

Mai kwat ɗin nas ce. Ta ce na mahaifinta ne, wanda ya ɓata wata goma sha ɗaya da suka wuce. Tsufa ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, yakan fita neman gidan da aka rushe tun tana yarinya, don haka kullum sai ta kulle get kafin ta tafi aiki. Rannan ta fita a gurguje, da ta dawo ta tarar da get a buɗe, babu Baba babu labarinsa.

"Ni na bar ƙofar, ranka ya daɗe," in ji ta. "Kullum sai na tambayi kaina ko na murɗa makullin, har yau na kasa tunawa."

Ta buɗe cikin kwat ɗin ta nuna masa wani farin ƙyalle da ta ɗinka da hannunta, ɗauke da lambar wayarta. Ta yi haka ne don duk wanda ya tsinci tsohon ya kira ta, amma ba wanda ya taɓa kira. Yau kuma ga kwat ɗin a rataye a shagon gwanjo.

Ɗaya matar aminiyarta ce tun suna makaranta. Ita ta yi ta zaga asibitoci da ita a motarta, ita kuma ta ƙirƙiro yawon Asabar a layin masu tsofaffin kaya don ta riƙa raba ta da zaman ɗaki. Sufeto ya tambaye ta ko ta taɓa ganin kwat ɗin bayan ɓatan tsohon. Ta ce ko kusa, ta share hawaye da gefen mayafi.

Sufeto ya ɗauki kwat ɗin, shi da Kofur suka nufi shagon. Mai gwanjon gajere ne mai bakin rantsuwa. Tun kafin a tambaye shi ya rantse da abin da zai kashe shi cewa kwat ɗin daga cikin dila ya fito, dilar da ya fasa ranar Laraba.

Sufeto ya kai kwat ɗin hanci, sannan ya ciro wata riga daga igiya ya shinshina. Da gwanjo aka raine shi, kuma wanda ya sha wuya da warin dila ba ya mance shi: warin magani ne mai hawa kai, ga lanƙwasar matsi wadda ko dutsen guga sai ya yi da gaske.

"Wannan kafur yake yi, irin na durowar gida. Kuma ba lanƙwasa ko ɗaya. Wace dila ce haka?"

Mai gwanjo ya sosa ƙeya. Da ya ga Kofur ya fara taɓa ankwa, sai gaskiya ta fito. Da safen nan ya juya ya ba wani mai saye canjinsa, yana waiwayowa ya ga kwat a kan igiyarsa, bai saya ba, ba a kawo masa ba. Ya ɗauka rabo ne, ya sa masa kuɗi.

"Shekara ashirin ana sace mini kaya, yallaɓai. Ban taɓa ganin ɓarawon da ke ƙara mini ba." Ya rage murya. "Ka tambayi tsoho mai agoguna. An ce kwat ɗin nan yawo yake da kansa."

Shagon mai agoguna yana ƙarshen layin, duhu-duhu ko da rana tsaka. Agogunan bango sun fi talatin, kowanne ya tsaya a lokacin da ya ga dama. Ga madubai da suka dushe, ga akwatunan ƙarfe, ga kwandon hotunan mutanen da ba su da sauran mai neman su. Sufeto ba matsoraci ba ne, amma ya ji ba ya son ya juya wa kwandon nan baya.

Tsohon ya gane kwat ɗin nan take. Ya ce Asabar uku da suka wuce ya gan shi a rataye jikin marfin wata durowa, kafaɗunsa a miƙe kamar mutum ya tsaya yana jira, har sai da gabansa ya faɗi. Shi kuwa ba ya sayar da tufafi. Asabar da ta biyo baya kuma mai tsofaffin littattafai ya gan shi a bayan kujerarsa.

Sufeto ya tambaya ko nas ɗin da aminiyarta sun shigo shagonsa ranar da ya ga kwat ɗin.

"Sun shigo. Nas ɗin ba ta ɗaga kai ba, hotuna ta tsaya dubawa, kullum haka take. Da yamma kuma ɗayar ta dawo ita kaɗai ta saye shi."

"Ka tabbata ita ce?"

Tsohon ya yi dariyar da ba sauti. "Ɗana, duk layin nan Rage-Mini muke kiranta. Matar da ta taɓa yin rabin awa tana ja da ni a kan cokali ɗaya. Na faɗi kuɗi na wasa, don kayan ma ba nawa ba ne, ta zaro ta miƙo ba ta ce uffan ba. Ranar na san akwai magana."

Da aka koma ofis Sufeto ya sa aminiyar ta jira a benci, ya kira nas ita kaɗai. Wa ke zaɓar shagunan da za su shiga? Aminiyarta. Tare suke zuwa? A'a, aminiyar kan riga ta isa, wai don ta sami wurin ajiye mota. Wa ke da makullin get bayan ita? Nas ta dube shi da irin kallon da ake yi wa wanda ya zagi uwar mutum, sannan ta ce aminiyarta tana da ɗaya.

Ya buɗe tsohon fayil ɗin cigiyar. An rubuta: dattijo sanye da kwat ruwan toka. Kowa kwat ya nema. Ya sa Kofur ya buga wa ɗakunan ajiye gawa na garuruwan kusa, a wannan karon a tambayi dattijon da ba kwat a jikinsa. A waya ta huɗu aka dace. Ranar da Baba ya ɓata an tsinci gawar wani tsoho a bakin wani asibiti, da 'yar shara kawai, an riƙe ta sati biyu ba mai nema, aka binne.

Sufeto ya kira aminiyar ciki. Ya ajiye kwat ɗin a kan tebur tsakaninsu, ya gaya mata abin da mai agoguna ya ce. Ta fara cewa tsohon ya rikice, sai kuma ta tsaya a tsakiyar magana tana kallon kwat ɗin.

Abin da ta faɗa ba shi da tsawo. Ta zo mayar da keken ɗinkin da ta ara, ta buɗe get ta shigo da mota har tsakar gida. Tana ja da baya ta ji ta bugi wani abu. Ta ɗauke shi da niyyar kai shi asibiti, ya cika a hanya, tsoro ya kama ta, ta yi ta tuƙi har ta bar garin. Da ta ga ƙyallen mai lambar waya sai ta tuɓe masa kwat ɗin, ta ajiye gawar a bakin asibitin wani gari.

"Me ya hana ki ƙone shi?"

"Na gwada. Sau biyu ina ƙyasta ashana." Ta kawar da kai daga kwat ɗin. "Duk sanda na buɗe durowa sai in gan shi. Bakina ya kasa faɗa, sai na riƙa rataye shi a shagunan da za mu shiga, na ce bari ta gani da idonta, ko wani ya tambaye ni."

Nas tana tsaye a bakin ƙofa, ba wanda ya lura da shigowarta. Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙin gani.

"Get ɗin," ta ce. "Yaya kika same shi?"

"A kulle."

"A kulle." Nas ta dafa bango. "Wata goma sha ɗaya ina tsine wa kaina a gabanki, kina shafa mini baya kina cewa in yi haƙuri."

Wata 'yar sanda ta zo ta kama hannun aminiyar. Da suka zo wucewa ta ƙofar, nas ta matsa gefe sosai don kada ko mayafinsu ya taɓa juna.

Sufeto ya daɗe a aikin nan, amma ya ji nauyin abin da ya rage ya faɗa. Ya gaya mata garin, ya ce tafiyar awa biyu ce, kabarin ba alama, sai dai a roƙi mai haƙa ko zai tuna layin.

"Ko bai tuna ba zan je," in ji ta. "In tsaya kusa ma ya isa."

Ya ɗauki makullin mota da hularsa.

"Taso, ƙanwata, mu je wajen Baba."