Kujerar da ke Jikin Lasifika

"Wa ya aike ka?! Ni na ce ka kai masa?"

Auta ce ke faɗa, tana tsaye a bayan dandamalin lambun shayin da ke kallon ƙofar jami'a, inda take waƙa duk yammacin Asabar. Wanda ake yi wa faɗan yana durƙushe yana naɗe wayar makirufo a hannu. Shi ne mai haɗa sautin wurin, ɗalibai suka sa masa Injiniya, sunan ya bi shi. Shi ne kuma mutumin da Auta ke son aure, ko da yake a wannan yammacin da za a ba ta shi kyauta sai ta yi shawara tukuna.

"Masoyiya, ki saurare ni..."

"Ajiye masoyiyar nan a gefe!"

"Wallahi taimako na yi niyya. Tun zuwana na farko na lura, duk maganar da na yi sai Baba ya juyo min da kunnen hagu. In na sunkuyar da kai kuwa, ke yake kallo. Aikina ne fa, Auta. In sauti bai isa inda ya kamata ba, a jikina nake ji."

"Babana ba lasifika ba ne da za ka kwance ka gyara!"

Ya ci gaba da naɗe wayar, ya san ya yi ɓarna.

Jiya ne ya je gidansu neman izinin turo manyansa. Ya ci ado, ya yi gaisuwa mai kyau, komai na tafiya daidai. Can sai ya zaro wani ɗan akwati, ya buɗe shi a gaban Baba da abokansa na hira, ya ce na'urar ji ce, ana maƙala ta a bayan kunne. Baba ya dubi akwatin, ya dubi abokansa, sannan ya ce, "Yaro, wa ya gaya maka ni kurma ne? Tashi ka ba ni wuri." Injiniya ya fita har yana tuntuɓe da takalman mutane.

Baba makaɗin ganga ne tun yana saurayi. Da sandunan kiɗan nan ya ciyar da gida, ya aurar da yayyen Auta, gangar kuma ta karɓi nata rabon, ta cinye masa kunnuwa a hankali. Tun rasuwar Mama su biyu suka rage a gidan, ba su taɓa zama sun yi maganar kunnen ba, amma sun samo dabararsu. In baƙo ya yi magana, sai Auta ta juya ta fuskanci Baba, ta maimaita da ƙarfi cikin wasa: "Ka ji fa, Baba, wai Kawu cewa yake gidan nan yana son fenti!" Dangi suka yi ta cewa yarinyar nan ta cika iyayi, ba a magana ba ta tsoma baki ba. Ta shanye. Gara a kira ta mai iyayi da a kira shi kurma.

"Sirrin da na daɗe ina rufewa, kai ka yaye shi kafin shayi ya huce," ta ce. "Ya ce kar ya sake ganin ƙafarka. Ina son ka, kai ma ka sani... amma in Baba bai yarda ba, ba zan aure ka ba. Ba zan tsallake shi ba."

"Ni ma ba zan so ki tsallake shi ba." Ya ajiye wayar. "Ki kawo min shi nan Asabar mai zuwa."

"Nan? Rabonsa da wurin kiɗa har na manta! Kullum sai ya ce gwiwa."

"Ki dai kawo shi. Ba zan gaishe shi ba, ba zan ko kalli inda yake ba. Na yi alkawari."

Ta harare shi. Abin haushin shi ne, ko ya yi laifi fuskarsa ba ta daina yi mata kyau.

A cikin makon ta yi ta juya maganar. Ranar Alhamis ta sami Baba a falo, talabijin na ta ihu kamar kullum, tsohuwar gangarsa na saman kabad an lulluɓe ta da zanen Mama. Ta rage sautin, ta zauna inda zai ga bakinta.

"Baba, makaɗinmu zai kashe ni."

"Me ya yi?"

"Gudu yake! Ina tsakiyar baiti shi ya kai ƙarshe. Na yi magana na gaji. Da za ka zo ka ga hannunsa..."

Da gangan ta ce ya gani, ba ta ce ya ji ba.

"Gwiwata," in ji Baba.

"To shi ke nan, a bar shi ya ci gaba da kunyata 'yarka a gaban jama'a."

"Makaɗan yanzu!" Baba ya yi tsaki. "Da kafaɗa suke duka, ba da wuyan hannu ba. Wancan mai akwatin yana wurin?"

"Can baya yake zama. Ba za ka ma gan shi ba."

Bai ce zai je ba. Amma da safiyar Asabar ta tarar da shi yana goge rigarsa mai ruwan toka da kansa, yana mita wai dutsen gugar ba ya zafi.

Rana ta yi sanyi lokacin da suka isa. Ɗalibai na ta tsallako titi daga jami'a, wasu da littattafai a hammata wai karatu za su yi, littattafan da ƙarshensu a ɗora musu kofin shayi. An kunna ƙananan fitilun da aka rataya a jikin bishiyoyi. Mai jita na ɗaure igiyoyinsa, masu hidima na ratsa tebura da faranti a sama.

Mai lambun, wata mata mai faɗin dariya, ta taho da sauri. "Lale da babban makaɗi! Yau lambuna ya yi albarka!" Da yake ita ko gaisuwa da ihu take yi, Baba ya ji ta sarai, ya washe baki.

Ta ja shi har kan dandamalin katako, can gefe, inda aka ajiye ɗan tebur da kujera. Auta ta dubi wurin da kyau. Bayan kujerar a jingine yake da babbar lasifikar nan mai fitar da kaurin sauti, wadda ko ɗalibai masu son hayaniya ba sa zama kusa da ita. Me Injiniya yake nufi? Ya ƙarasa kunnuwan da suka rage?

Ta hango shi can baya, gaban teburinsa mai maɓallai, ya duƙufa kamar mai neman allura. Sai ta lura da wasu abubuwa. Robobin da lasifikar ke tsayawa a kansu babu su, yau kai tsaye take zaune a kan katako. Fitilar da ke haska mai jita kuma an juyo ta, ta faɗo daidai inda bakin Auta zai kasance.

Aka fara.

Baba ya harɗe hannu a ƙirji, ya ɗaure fuska, ya kafa wa makaɗin ido. Waƙar farko ta wuce bai motsa ba. Auta na waƙa, rabin hankalinta na kansa. A tsakiyar ta biyu sai ta ga ya dubi ƙasa kamar an taɓa shi. Ya gyara zama, ya manna bayansa da kujerar. A hankali ya zare ƙafa ɗaya daga takalmi, ya ɗora ta tsirara a kan katakon.

Kiɗan da kunnensa ya daina kawo masa, yau ta ƙasa ya biyo, ya hau tafin ƙafarsa, ya ratsa ta bayansa. Ya miƙa hannu ya dafa jikin lasifikar. Yatsunsa suka fara bugawa, daidai da ganga, ko kuskure babu.

Auta ta juya ta raɗa wa mai jita wata waƙa da ba sa cikin shirin yi. Waƙar da Baba ya tsara wa Mama ce tun suna saurayi da budurwa, Auta ta gaje ta, ɗaliban garin nan kuma suka haddace ta ba tare da sun san mai ita ba.

Tana buɗe baki Baba ya gane. Idonsa na kan leɓunanta, nasa leɓunan na bin su kalma bayan kalma. Nan muryar Auta ta karye. Ta yi ƙoƙarin kamo baitin, kuka ya riga ta.

Ɗalibai ba su san dalili ba, suka dai ga mawaƙiyarsu ta tsaya, sai suka ɗauke mata. Lambun gaba ɗaya ya kama waƙar, har masu hidima, ana buga tebur, ana tafi, katakon dandamali na girgiza.

Sai Baba ya ɗaga yatsa ɗaya sama, ya cilla shi sau biyu, alamar da makaɗa ke yi wa mai sauti in suna son ƙari. Injiniyan da ya rantse ba zai kalli wurin ba, kafin yatsan ya sauka ya riga ya tura maɓallin. Baba ya gyaɗa kai, irin gyaɗawar da ma'aikaci ke yi wa abokin aikinsa.

Da aka tafi hutun rabin lokaci, Baba ya mayar da takalminsa, ya zagaya bayan dandamali, ya ce wa Auta, "Kira min shi."

Injiniya ya zo ya durƙusa. Wannan karon bai sunkuyar da kai ba, ya ɗago fuskarsa sosai.

"Kai ka cire robobin?"

"Ni ne, Baba."

"Fitilar fa?"

"Ita ma. Ka yafe min abin da na yi a gaban abokanka, ban yi tunani ba."

Auta ta juya cikin sabo. "Ka ji fa, Baba, wai cewa yake..."

"Bari, Auta." Ya ɗaga mata hannu. "Na gani a bakinsa. Ke kin ɗauka ban san abin da kike yi ba duk shekarun nan? Ina ganin hararar da gwaggonninki ke miki. Kin sha zagi a kaina, ni kuma na bar ki kina sha saboda girman kai."

"Baba, ni ban taɓa..."

"Makaɗinku kuwa ba ya gudu. Hannunsa lafiya lau, ƙarya kika shirga min."

Ta rufe fuska tana dariya, hawaye na bin yatsunta.

Baba ya waiwayi lasifikar. "Yau na ji ganga. Na ji tafin yaran nan a ƙashina. Amma ke ban ji ki ba, bakinki kawai na gani yana motsi."

Ya sa hannu a aljihun rigar nan mai ruwan toka, ya fito da ɗan akwatin da Injiniya ya gudu ya bari.

"Na gwada shi da ba kya nan. Kuwwa kawai ya yi ta min kamar sauro. Kai da ka iya, zo ka daidaita."

Injiniya ya maƙala masa na'urar a kunnen hagu, ya ɗan murɗa, ya dubi fuskarsa, ya sake murɗawa. Sannan ya ja da baya.

"Baba?" in ji Auta.

Baba ya zabura. "Ke! Rage murya! Ashe haka kike min ihu a gida?!"

Suka fashe da dariya su duka uku.

"Kai kuma," ya dubi Injiniya, "ka turo manyan naka. Amma ka gaya musu su zo hannu biyu, kar wanda ya kawo min tabarau, idona garau yake."

"Na gode, Baba! Allah ya ƙara girma!"

Auta ta dubi Injiniya, ya dube ta. Can gaba ɗalibai sun fara buga tebur suna kiran a dawo.

Ta juya za ta hau dandamali, Baba ya riƙo gefen mayafinta. Dariyar ta bar fuskarsa, idonsa ya cika.

"Tsaya tukuna... muryar mamanki ce sak, ban sani ba. Sake kira na, a hankali."

Ta durƙusa a gabansa, ta yi ƙasa da murya yadda rabon da ta yi masa magana haka tun tana ƙarama.

"Baba."

"Na'am," ya ce. "Na ji ki, Auta."